Mizanin Ɗa'a da Sauyin Halayyar Jama'a: Tarihin Ɗaurin Ƙafar Mata a Ƙasar Sin

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce hali zanen dutse ne. Idan ana maganar mutum ɗaya, sau da yawa wannan karin magana kan yi daidai. Amma idan aka koma ga halayyar al'umma gaba ɗayanta, tarihi ya nuna cewa akan wayi gari abin da kakanni suka ɗauka alamar mutunci ya zama abin kunya a wurin jikoki. Tambayar da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin amsawa ita ce: ta yaya irin wannan sauyi ke faruwa? Domin kada bayanin ya tsaya a kan ra'ayi kawai, an zaɓi misali guda ɗaya daga tarihin ƙasar Sin, wato al'adar ɗaure ƙafafun ƴan mata don hana su girma. Al'adar ta yi ƙarnoni da dama tana gudana, sannan ta gushe a mafi yawan sassan ƙasar cikin shekarun da ba su wuce tsawon rayuwar mutum ɗaya ba. Za a duba yadda ta kafu, da dalilin da ya sa suka da doka suka kasa kawar da ita, da kuma abin da ya kawo ƙarshenta.

2.0 Ma'anar Mizanin Ɗa'a

A wannan takarda, mizanin ɗa'a na nufin ma'aunin da al'umma ke amfani da shi wajen rarrabe abin da ya kamata da abin da bai kamata ba, da kuma gane mutumin kirki daga wanda ba shi ba. Ya bambanta da doka. Doka hukuma ce ke kafa ta, kuma alƙali da ɗan sanda ke tsaron ta. Shi kuwa mizanin ɗa'a, maƙwabta da dangi da surukai ne ke tsaron sa, kuma hukuncinsa shi ne zunɗe, da gori, da ƙin haɗa zuri'a. Daga baya mutum kan haɗiye shi ya zama nasa, har ya riƙa jin kunya ko da ba wanda ya gan shi. Saboda haka kalmomi biyu za su yi ta maimaituwa a nan gaba, wato kunya da mutunci, domin su ne hannuwan da mizanin ɗa'a ke juya mutane da su.

3.0 Al'adar Ɗaurin Ƙafa

3.1 Yadda Ake Yin Ta

Akan fara ɗaurin ne tun yarinya tana tsakanin shekara 4 zuwa 9, lokacin da ƙashinta bai yi ƙwari ba. Uwa ko kaka ko wata dattijuwa a gidan takan lanƙwasa ƙananan yatsu huɗu na kowace ƙafa zuwa ƙarƙashin tafin, a bar babban yatsa a miƙe. Sai a naɗe ƙafar da dogon ƙyalle mai tsawon kimanin mita 3, a ja gabanta zuwa wajen diddige har bayan ƙafar ya yi doro. Bayan ƴan kwanaki akan kwance a wanke, a sake ɗaurewa fiye da na farko, ana kuma tilasta wa yarinyar yin tafiya a haka. Aikin kan ɗauki shekaru kafin ƙafar ta zauna. Ƙafar da aka fi yabawa ita ce wadda tsawonta bai wuce kimanin santimita 10 ba, kuma suna kiran ta da sunan wani fure mai kama da bado, su ce furen zinariya. Ƙashi kan karye, miki kan ruɓe, wasu yara kan rasa yatsu, wasu ma kan rasa rai.

3.2 Asali da Yaɗuwa

Labarin baka na Sinawa ya danganta farkon al'adar da wata mai rawa a fadar sarki Li Yu, a ƙarni na 10. Hujjar da aka tono daga ƙasa kuwa ta fito ne daga ƙarni na 13, a zamanin daular Song. Alal misali, a birnin Fuzhou an gano kabarin wata matashiya ƴar gidan manya mai suna Huang Sheng, wadda ta rasu a shekarar 1243, an binne ta da ƙananan takalma irin na masu ɗaurarriyar ƙafa. Daga gidajen sarauta da na attajirai al'adar ta gangaro zuwa gidajen talakawa. Masana sun ƙiyasta cewa a ƙarni na 19 tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na matan ƙasar suna da ɗaurarriyar ƙafa, kuma a gidajen manya na ƙabilar Han, wadda ita ce mafi rinjaye, kusan babu macen da ta tsira. Akwai dai al'ummomin da ba su rungume ta ba, kamar Manchu da Mongol da mafi yawan ƴan Hakka.

3.3 Me Ya Sa Iyaye Suka Yarda?

Mai karatu zai iya cewa waɗannan iyaye ba su da tausayi. Wannan fahimta ba za ta kai mu ko'ina ba. Matar da ke ɗaure ƙafar ƴarta ita ma an ɗaure tata, ta kuma san zafin abin fiye da kowa. Abin da ya sa take yi shi ne mizanin da aka auna ta da shi. A wancan zamani ƙaramar ƙafa alama ce ta kamun kai da haƙuri da tarbiyya, kuma shaida ce cewa yarinya ta fito daga gidan mutunci. Masu dalilin aure sukan duba girman ƙafa ko takalmin yarinya kafin magana ta yi nisa. Yarinya mai babbar ƙafa tana iya ƙarewa a matsayin baiwa ko ƴar aiki, ko ta auri wanda bai kai matsayin gidansu ba. Bisa wannan ma'auni, uwar da ta ji tausayi ta sassauta ɗaurin ita ce ta cuci ƴarta, wadda ta danne zuciyarta ta matse ƙyallen kuwa ita ce uwa ta gari. Wato mizanin ya juya soyayyar uwa har ta zama ita ce ke riƙe da al'adar.

4.0 Gazawar Suka da Doka

Ba a ƙarni na 19 aka fara ganin aibin wannan al'ada ba. Tun a ƙarni na 13 wani malami mai suna Che Ruoshui ya yi rubutu yana mamakin dalilin azabtar da yara ƙanana da ba su yi laifin kome ba. Bayansa ma an sami wasu marubuta da suka soki abin. An karanta su, amma ba a daina ba.

Doka ma an gwada ta. A shekarar 1644 ƴan ƙabilar Manchu suka kama birnin Beijing suka kafa mulkin daular Qing, wadda ake furta sunanta kamar "Cing". Sun hana matansu ɗaurin ƙafa, kuma a shekarar 1664, zamanin sarki Kangxi, aka fitar da dokar hana shi ga sauran jama'a. Bayan shekara 4 kacal, a 1668, aka janye dokar domin ta ƙi aiki. Abin lura a nan shi ne, waɗannan sarakuna sun yi nasarar tilasta wata doka da ta shafi jikin maza. A 1645 sun umarci kowane namiji ya aske gaban kansa ya bar tukku a baya ya kitse shi irin na Manchu, wanda ya ƙi kuma hukuncinsa kisa ne. An zubar da jini sosai, amma daga ƙarshe maza suka bi, aka yi ta wannan aski har sama da shekara 260. Kan namiji a fili yake, ana ganin sa a kasuwa da kan hanya. Ƙafar yarinya kuwa tana cikin gida, kuma tana ɗaure da batun aure, inda dogarin sarki ba shi da ta cewa.

Matsalar da kowane gida ke ciki ita ce: ko da uba ya gamsu cewa al'adar ba ta da kyau, idan ya daina shi kaɗai ƴarsa ce za ta biya kuɗin, domin sauran gidaje ba su daina neman amarya mai ƙaramar ƙafa ba. Don haka mai yiwuwa ne mutane da yawa su ƙi abu a zuciya amma su ci gaba da yin sa, kowa yana jiran wani ya fara.

5.0 Yadda Mizanin Ya Juya

5.1 Idon Baƙo da Kunyar Ƙasa

Bayan yaƙin farko da Birtaniya ta yi da Sin a kan cinikin ƙwayar opiyam, daga 1839 zuwa 1842, an tilasta wa Sin buɗe tashoshin jiragen ruwa biyar ga Turawa, ciki har da Shanghai da Xiamen. Ƴan kasuwa da ƴan mishan suka shigo, daga baya masu ɗaukar hoto suka biyo. Sannan a yaƙin 1894 zuwa 1895 Japan ta ci Sin da yaƙi, abin da ya girgiza malaman ƙasar ƙwarai, domin sun daɗe suna yi wa Japan kallon ƙaramar maƙwabciya. Suka shiga tambayar kansu abin da ya raunana ƙasarsu.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Kang Youwei. A shekarar 1898, lokacin gajeren yunƙurin gyara da ake kira na kwana 100, ya rubuta wa sarki Guangxu takarda yana roƙon a hana ɗaurin ƙafa. Ya ambaci wahalar da yara ke sha, amma ya ƙara wata hujja da magabatansa ba su da ita, cewa baƙi suna ɗaukar hotunan ƙafafun matan Sin suna yi wa ƙasar dariya, suna kiran mutanenta marasa wayewa. Masanin falsafa Kwame Anthony Appiah, wanda ya tashi a Kumasi ta ƙasar Gana, ya tsaya a kan wannan batu a littafin da ya wallafa a 2010 game da mutunci. A ganinsa, hujjojin da ke nuna munin al'adar tsofaffi ne, sabon abu shi ne da'irar mutanen da ake jin kunyarsu ta faɗaɗa. A da, attajiri yana jin kunyar maƙwabcinsa ne kawai. Yanzu malaman Sin sun fara jin kunyar duniya, sai abin da ke ɗaga darajar gida ya koma abin da ke zubar da darajar ƙasa.

5.2 Ƙungiyoyin Alkawari

Jin kunya kaɗai ba ya aurar da yarinya. Abin da ya warware ƙullin shi ne wata dabara mai sauƙi. A tsakiyar shekarun 1870, wani ɗan mishan mai suna John MacGowan ya tara mata Kirista kimanin 60 a Xiamen, aka kafa ƙungiyar da mambobinta suka ɗauki alkawarin barin ƙafafun ƴaƴansu yadda Allah ya halicce su. A 1883 Kang Youwei, wanda ya ƙi yarda a ɗaure ƙafafun ƴaƴansa mata, ya yi yunƙurin kafa irin wannan ƙungiya a yankinsu na Guangdong. A 1895 wata Baturiyar Ingila, Alicia Little, ta kafa wata a Shanghai, ta riƙa yawo gari-gari tana jawabi da raba ƙasidu da aka rubuta cikin harshen Sinanci. A 1897 kuma Liang Qichao, almajirin Kang, tare da abokansa suka kafa tasu a Shanghai, rassanta suka bazu zuwa larduna.

Alkawarin da ake ɗauka a irin waɗannan ƙungiyoyi yana da ɓangare biyu. Na farko, ba za mu ɗaure ƙafafun ƴaƴanmu mata ba. Na biyu, ba za mu bar ƴaƴanmu maza su auri mai ɗaurarriyar ƙafa ba. Akan rubuta sunayen mambobi da na ƴaƴansu domin a san gidajen da za a nemi aure. Ɓangare na biyun shi ne ƙashin bayan dabarar, saboda ya ba uban yarinya tabbacin cewa akwai gidajen mutunci da za su karɓi ƴarsa. Masanin siyasa Gerry Mackie, a wata maƙala da ya buga a 1996, ya bayyana cewa al'ada irin wannan ba a barin ta ɗaya bayan ɗaya, sai dai gidajen da ke auratayya da juna su bar ta tare. Da zarar yawansu ya kai wani matsayi, sai lissafin ya juya, mai ɗaurewa ya zama shi ne ke jefa ƴarsa cikin haɗarin rasa miji. A nan sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Su ma matan ba su zauna jiran maza ba. Qiu Jin, marubuciya kuma ƴar gwagwarmaya, ta kwance ƙafafunta, ta tafi Japan karatu a 1904, ta dawo tana kira ga mata su nemi ilimi da sana'a. Gwamnatin Qing ta kashe ta a 1907 bisa zargin shirya tawaye. Sabbin makarantun ƴan mata su ma sun taimaka, domin da yawansu sun ƙi karɓar ɗaliba mai ɗaurarriyar ƙafa.

5.3 Hukuma Ta Biyo Baya

Sai bayan waɗannan abubuwa ne hukuma ta sake sa baki. A 1902 Cixi, matar da ke riƙe da ragamar mulkin daular, ta fitar da sanarwa tana jan hankalin manya su bar al'adar. A 1912, bayan faɗuwar daular Qing, sabuwar gwamnatin jamhuriya ƙarƙashin Sun Yat-sen ta haramta ta. Wannan karon dokar ta sami ƙasa mai laima, domin mizanin ya riga ya fara juyawa.

Saurin sauyin ya bayyana a binciken da Sidney Gamble ya wallafa a 1943 game da gundumar Dingxian, kimanin kilomita 200 kudu da Beijing. A cikin matan da aka haifa kafin 1890, kashi 99 cikin 100 an ɗaure masu ƙafa. Bayan 1919 kuwa ba a sami ko yarinya ɗaya da aka fara ɗaure wa ba a gidajen da aka bincika. Wato cikin shekara 30, a gunduma guda, abin da kusan kowa ke yi ya zama abin da ba mai yi. A ƙauyukan da ke nesa, musamman a lardin Yunnan, al'adar ta jima har zuwa shekarun 1950, bayan kafuwar gwamnatin Kwaminis a 1949.

5.4 Gudummawar Sana'a

Ba duk masana ne suka yarda cewa ɗa'a ita kaɗai ta yi wannan aiki ba. Laurel Bossen da Hill Gates, a littafin da suka fitar a 2017 bayan hira da tsofaffin matan karkara kimanin 1,800, sun nuna cewa a ƙauyuka ɗaurin ƙafa yana da alaƙa da aikin hannu. Yarinyar da ba ta iya guje-guje takan zauna wuri ɗaya tana kaɗi da saƙa da ɗinki, kuma gida na samun kuɗi da wannan aiki. Da layin dogo ya kawo zare da yadi na masana'anta masu araha, sai aikin hannun ya rage daraja, al'adar ta fi saurin mutuwa a wuraren da kayan suka fara isa. Wannan bayani bai rushe na farko ba. Ya dai tunatar da mu cewa sabon mizani ya fi saurin karɓuwa idan bin sa ba zai taɓa tukunyar gida ba.

6.0 Waɗanda Sauyin Ya Rutsa da Su

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da bai kamata a tsallake ba. Miliyoyin mata an riga an ɗaure masu ƙafa kafin mizanin ya juya, kuma karyayyen ƙashi ba ya komawa yadda yake. Kwance ƙafar babbar mace ma wata azaba ce, domin ba ta iya taka ta sosai ba tare da ƙyallen ba. A lardin Shanxi, tun daga 1917, gwamna Yan Xishan ya aika masu bincike gida-gida suna duba ƙafafun mata suna cin tarar iyaye. A wasu wurare an tilasta wa mata kwance ƙyallensu a gaban jama'a. Masaniyar tarihi Dorothy Ko, a littafinta na 2005, ta ja hankali ga halin da waɗannan mata suka shiga. An azabtar da su suna yara domin su zama masu mutunci, da suka girma kuma aka ce su ne abin kunyar ƙasa. Wasu samari masu ilimin zamani sun guje wa matan da iyaye suka aura masu saboda wannan dalili. Ba su ne suka kafa tsohon mizanin ba, ba a kuma shawarce su wajen kafa sabon ba, amma su suka ɗauki nauyin duka biyun. Sun rayu da wannan tabo har tsufa, kuma sai a 1999 ne masana'anta ta ƙarshe da ke yi masu ƙananan takalma, a birnin Harbin, ta daina aikin.

7.0 Amfanin Darasin a Wani Wuri

Maƙalar Mackie ta 1996 da aka ambata a baya ba ta tsaya a kan Sin ba. Ya kwatanta ɗaurin ƙafa da kaciyar mata a Afirka, ya ce tun da ita ma batun aure ne ke riƙe da ita, alkawarin taro zai iya kawo ƙarshenta. Shekara guda bayan haka, a 1997, matan ƙauyen Malicounda Bambara a ƙasar Senegal, waɗanda suka halarci azuzuwan wata ƙungiya mai suna Tostan, suka sanar a bainar jama'a cewa sun bar al'adar. Wani limami daga ƙauyen Keur Simbara, Demba Diawara, ya lura cewa ƙauye ɗaya ba zai iya riƙe wannan alkawari ba, tun da yana auratayya da wasu. Sai ya bi ƙauyukan danginsa ɗaya bayan ɗaya yana tattaunawa da su, har a watan Fabrairu na 1998 ƙauyuka 13 suka yi sanarwa tare a Diabougou. Dokar ƙasa ta biyo baya a 1999. Kaciyar mata ba ta gushe daga Senegal da wannan ba, sauyin kuma bai yi sauri irin na Dingxian ba, domin kowace al'ada da irin saiwoyinta. Duk da haka, limamin ya gano da kansa abin da Liang Qichao da abokansa suka gano shekara 100 kafin shi.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da abubuwa kamar haka. Na farko, mutane kan aikata abu mai cutarwa da zuciya ɗaya idan mizanin zamaninsu ya ce shi ne kirki, saboda haka zagin su ba ya bayyana dalilinsu, ba ya kuma sauya su. Na biyu, sanin cewa abu ba shi da kyau bai isa ya sa a bar shi ba. Sinawa sun ji wannan hujja tun ƙarni na 13, sun ga doka a 1664, al'adar ba ta motsa ba sai da kunya ta sauya wuri, gidajen da ke auratayya kuma suka yi alkawari tare. Na uku, dokar 1912 ta ci nasarar da ta 1664 ta kasa ne saboda ta zo bayan jama'a sun fara juyawa. Na huɗu, sabon mizani yana iya zaluntar waɗanda tsohon ya riga ya zalunta, idan masu gyara suka manta cewa mutane ne a gabansu. Ana fatan ɗalibi zai ɗauki waɗannan ma'aunai ya gwada su a kan wata al'ada da ya sani ta gushe a garinsu tsakanin zamanin kakarsa da nasa, ya binciki wanda ya fara barin ta, da waɗanda suka mara masa baya, da kuma wanda ya biya kuɗin sauyin.